Ranar da Aura Ta Bi Hagu

Na daɗe ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare a Bagudo, kuma akwai darasi guda da ba na son mu iso kansa. Darasin dabbobi ne. A littafin an jera maganganun da Turawa ke yi da dabbobi a hirarsu ta yau da kullum, a ƙasan shafin kuma ga hoton wani makaho sanye da kwat, kare na yi masa jagora a bakin titi. Duk shekarar da muka buɗe shafin nan sai aji ya kaure da dariya. Kare? Shi zai ja mutum har ƙofar masallaci? Da can ni ma nakan taya su, sannan in ce su yi shiru in ba su labarin mahaifina da jakinsa. Yanzu na daina ba da labarin a aji. A nan zan ba da shi sau ɗaya, yadda ya faru, har da nawa laifin.

Ƙauyenmu yana hayin kogin Kwara. In ka baro Bagudo ka ƙetare gada, sai ka yi ta bin yamma har kwalta ta ƙare, ka ƙara da hanyar yashi. Daga ƙofar gidanmu mai ƙarfin ƙafa zai taka ƙasar Benin kafin rana ta yi zafi, kodayake tsofaffinmu Dahome suke ce mata har gobe. Ranakun aiki ina kwana Bagudo, Juma'a da yamma in hau babur in koma gida wurin Baba da Inna. Ni ne ɗan fari, ni kaɗai ne kuma namiji. Ƙannena mata duk aure ya watsa su.

Idon Baba ba rana ɗaya ya tafi ba. Irin ciwon nan ne na mazauna bakin gulbi, mai cin gani kaɗan-kaɗan kamar gara. Ya ga yadda ya yi wa ƙanin mahaifinsa, yadda aka zaunar da tsohon a zaure, ba ya motsawa sai wani ya ga damar ja masa sanda. Abin da Baba ke tsoro ke nan a duniya, fiye da makantar kanta. Saboda haka tun yana rarrabe mutum da itace ya fara shiri. Ya sayo ƙaramar jaka mace, mai launin ja-ja, irin wadda ake ce wa aura, kuma da wannan kalmar yake kiran ta. Damina shida yana hawan ta kullum, a lokaci guda, a hanya guda, daga gida zuwa gona, daga gona zuwa gida, ba linzami, ba igiya, ba ko tsumagiya a hannu. Mutane suna ta cewa ya sangarta dabba. Shi kuwa so yake hanyar ta shiga ƙafarta kafin ta fita daga idonsa. Ranar da duhun ya rufe gaba ɗaya, ya ɗora akumari, ya hau, ta tafi da shi kamar kullum.

Wanda bai gani ba ba zai yarda ba. In akwai reshen da ya sauko, Aura takan kauce tun daga nesa don kada ya taɓa masa hula. In shanun Fulani sun tare hanya, ta tsaya sai sun wuce. A gona akwai kututturen tsamiya, nan take tsayawa ya sauke ƙafa a kai, ba ta taɓa wuce shi da taki ɗaya ba. Baba ya yi aikinsa da hannu da ƙafa, ya bi kunya-kunya yana cire ciyawa, ita tana kiwo a gefe. Da ya ji rana ta hau tsakiyar kai sai ya buga harshe sau biyu, ta zo ta tsaya jikin kututturen. Kafin ladan ya kira azahar suna ƙofar gida.

"In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse," haka yake gaya wa abokansa. "To ni ga dutsena can ɗaure ga turke."

Wuri ɗaya ne a hanyar yake hana Inna sukuni. Bayan gari akwai mararraba. Hannun dama ya hau tudu zuwa gonarmu. Hannun hagu ya gangara fadama har bakin wata ƙorama da ke ɓallewa daga Kwara, in ka ƙetare ta sai hanyar iyaka. Da rani ruwan ƙoramar bai wuce idon sawu ba. Amma a ƙarshen damina, in gulbi ya cika ya tura mata, tana shanye mutum a tsaye har da hannunsa a sama.

"Malam, ranar da dabbar ga ta bi hagu fa?" in ji Inna.

"Ba ta bi. Ko ta bi, jaki ba shi shiga ruwan da bai ga ƙasansa ba. Doki ka iya kashe ka don ya burge ka. Jaki ya fi son ransa."

Ranar Asabar da hantsi ba ya zuwa gona, mukan zauna gindin darbejiyar tsakar gida ina shirin darasin mako. Ba ya kirana da sunana, Bature yake ce mini, don tsokana.

"To Bature, mi mutanenka sunka ce yau?"

In gaya masa cewa in an yi ruwan sama mai ƙarfi sukan ce an yi ruwan kyanwa da karnuka. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce Allah Ya tsare mu da daminar ƙasarsu. In gaya masa suna cewa kada ka ta da karen da ke barci, ya ce wannan kam sun yi hankali. Wata rana na gaya masa cewa mutum mai gardama sukan ce taurin kai gare shi kamar jaki ko alfadari. Nan bai yi dariya ba.

"Wanda yac ce haka bai zamna da jaki ba. In jaki ya tsaya, akwai abin da ya sani wanda kai ba ka sani ba. Ka gaya ma yaranka haka nan."

A shekarar da nake ba da labari ne masu sayen jakai suka zo. Ba don aiki suke saye ba, fata suke so. Suka kafa zango a hayin ƙoramar nan, kan hanyar iyaka, suna tarawa daga ɓangarenmu da ɓangaren Benin, in sun cika mota ta kwashe. Ba su zaɓe. Tsoho, gurgu, mai ciki, duk ɗaya ne a wurinsu. Da can asubar ƙauyenmu kukan jakai ke buɗe ta, wannan gida ya fara wancan ya amsa. A hankali amsar ta riƙa raguwa, har aka wayi gari in Aura ta yi kuka sai ka ji shiru ya biyo baya. Shugaban masu sayen ya zo ƙofar gidanmu sau biyu, wani dogo mai Hausa da karin harshen Dendi na bakin iyaka, jikinsa na warin ɗanyar fata da gishiri. Baba ko tabarma bai sa a shimfiɗa masa ba.

A lokacin Aura tana da ɗa namiji, wata biyar, bai daina tsotso ba. Ɗan banza ne na ƙarshe, wallahi. Ya ci zanen Inna a kan igiya, ya kifar da ƙullun koko, ya taɓa tauna mini kujerar babur. Baba kuwa son shi yake, in sun fita gona yana biye da su yana tsalle-tsalle.

A wurinmu akwai ƙa'ida, kuma yaron goye ma ya san ta. Ba a raba jaka da ɗanta sai ta yaye shi da kanta. In ya zama dole, to a ƙetarar da shi Kwara, inda iska ba ta kawo murya. Sai a ɗaure uwar kwana uku, ta yi kukanta ta haƙura. Amma in aka ajiye shi inda take jin kiransa, ba ta haƙura, ko wata nawa za a yi. Kunnen jaki yana kai wa inda namu bai kai ba. Na san wannan kamar yadda na san karatun sallah.

Wata Asabar a ƙarshen damina na bar littafin Turanci da kundin darasina a kan tabarma na tafi sallar azahar. Littafin nan shi kaɗai ne a makarantar, aro aka ba ni. Kundin kuwa aikin makonni ne, kuma Litinin za a zo dubawa. Na dawo na iske ɗan jakin tsaye a kan tabarmar, takarda na lilo a bakinsa. Ya cinye kundin ya bar bango. Littafin ya yage shi gida biyu, ya tattake sauran cikin fitsari. Ya ɗago kai ya dube ni yana tauna, ko a jikinsa.

Ni mutum ne mai zuciya, ba na ɓoyewa. Ranar ta hau ni har ban ga gabana ba. Baba ya tafi gaisuwar rashi a maƙwabta. Na zaro igiya na zarga wa ɗan jakin a wuya.

Inna ta ajiye taɓarya. Ba ta faɗin sunana, kunyar ɗan fari. "Kai, ka bari ubanka ya dawo."

Ban ko waiwaya ba. Na ja shi yana turjewa, Aura tana fizgar turke tana wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Na bi da shi mararraba, na yi hagu, na gangara fadama. Ruwan ƙoramar ranar iyakar gwiwa ne. Na ɗan shiga ruwan na yi kira, dogon nan ya ƙetaro da mutum biyu. Bai buɗe bakin ɗan jakin ya ga haƙori ba, bai duba ƙafa ba. Fatar wuya ya kama da yatsu biyu, ya ja, ya saki. A nan na gane abin da yake saye. Da na ce na fasa a lokacin, da ba wannan labarin nake rubutawa ba. Amma girman kai ya hana ni. Ko ciniki ban yi ba, na karɓi abin da ya miƙo, suka ciccibi ɗan jakin suka shiga ruwa da shi.

Na dawo na iske Baba tsaye a tsakar gida, hannunsa a kan wuyan Aura. Tun daga lungu ya ji kukanta.

"Ina ɗan?"

Na gaya masa abin da ya yi mini, na ƙara gishiri, na ce na sayar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Ina anka kai shi?"

"Bagudo, Baba. Wani mai amalanke ne. Yanzu haka sun ƙetare gada."

Ban shirya ƙaryar ba, fitowa ta yi. Kunya nake ji in ce masa masu fata na ba, mutanen da ya hana wa tabarma. Inna ta dube ni, ta ga wandona jiƙe har gwiwa, ta kau da kai. Wataƙila ta ɗauka wanke ƙafa na yi a rijiya. Wataƙila kuma ba ta so ta ɗauka komai.

"To, tunda ya ƙetare Kwara," in ji Baba, "a ɗaure ta kwana ukku."

Lahadi da yamma na koma Bagudo. Kafin in tafi na lura da abu guda, na kuma yi kamar ban lura ba. Aura ta bar dusa da harawa a gabanta, ta juya wa gabas baya inda Kwara take, ta miƙe kunnuwa biyu yamma, wajen fadama. Ni ban ji komai ba. Ita tana ji. A kan gada na ga ruwan ya hau fiye da yadda na bar shi ranar Juma'a, ja-wur, yana tafe da itatuwa da tarin ciyawa.

Litinin aka yi dubawar, na ba da haƙuri, aka ce in sake rubutawa. Shi ke nan fa! Abin da na tada hankalin gida a kansa bai ɗauki minti biyar ba.

Laraba da yamma Inna ta kira ni. Sai ta hau jujin bayan gida take samun sabis, saboda haka ba ta kira sai da dalili. Ta ce an kwance Aura da safe, tunda kwana uku sun cika, Baba ya hau. Da suka kai mararraba ta tsaya cik. Ta daɗe a tsaye, jikinta na rawa, sannan ta bi dama. Haka ma a dawowa. Sai na ji ta miƙa wa Baba wayar, ashe har shi ta jawo kan jujin.

"Bature."

"Na'am, Baba."

"Ka tabbata ɗan nan ya ƙetare Kwara?"

Ina tsaye a ƙofar ɗakina, ina jin iska na kaɗawa a cikin wayar. Kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya. Na ce a raina jibi Juma'a, zan wuce zangon kai tsaye in fanso ɗan jakin, in kawo shi in ce daga Bagudo na dawo da shi, ba wanda zai sani. Kwana biyu ne kawai.

"Na tabbata, Baba."

"To. Maganarka ce. Dawa ta fara nuna, tsuntsaye na ci, ba ni iya zama gida."

Na ce ya ɗan huta har in zo. Na faɗa da sanyin murya, irin faɗar da mutum ke yi don gobe ya ce ai na faɗa. Ya yi dariya ya ce tsuntsu bai san Juma'a ba.

Alhamis na shiga aji kamar kullum. Aka tashi, na yi azahar, ina naɗe darduma waya ta yi ƙara. Inna ce.

"An yi salla ba su dawo ba. An tahi gona, babu shi, babu ita. Ko sawunsu babu ga kututture."

Ban san yadda na tuƙa babur ɗin nan ba. Na tuna dai gada, da yadda ruwa ya kusa lasar cikinta, da mutane jingim suna kallo. Na tuna gonakin shinkafa na bakin hanya sun zama tafki, sai kawunan zangarniya. Ina tafe ina cewa jaki ba ya shiga ruwan da bai ga ƙasansa ba, ina maimaitawa kamar wuridi.

Na iso gab da la'asar. Mazan gari sun watsu a tudu, suna duba gonaki da ramukan da ake haƙar ƙasa, wasu har sun bi hanyar gada, wai ko ta bi ɗanta Bagudo. Ƙaryata ce ta aika su can. A mararraba na iske dattawa uku a tsaye. Shanu sun bi ta wurin sun tattake duk wani sawu. Na karya kan babur hagu.

"Ina za ka?" in ji limaminmu. "Aura ba ta bin nan."

Dole na faɗa. A gaban mutanen da suka san ni tun ina tsirara, na ce ɗan jakin yana zangon masu fata, ni na kai shi. Ba wanda ya zage ni. Liman ya ce innalillahi, ya tattare rigarsa ya fara gudu, tsoho da shi.

Ba mu yi nisa ba hanya ta shige ruwa. Inda na taka busasshiyar ƙasa ranar Asabar, yanzu fadama ce shimfiɗe, ba ka gane ina ne hanya, ina ne bakin ƙorama. Allah Ya taimake mu da wani Basarke, masunci, yana duba tarunsa a cikin ciyawa. Na faɗa jirginsa ba sallama. Ya ce tun hantsi yake jin wani ƙaramin jaki na kuka daga hayi, bai huta ba sai wajen azahar da babbar mota ta tashi. Bai ga kowa ba, ya ce, amma bai je ta wajen mashigi ba, ruwan can ya yi ƙarfi.

Ya riƙa tura jirgin da gora cikin dogayen ciyayi. Ba abin da ake ji sai kwaɗi da ƙarar ruwa a jikin katako. Ina ta kiran Baba har muryata ta dushe. Muka zagaya wani kurmin geza, sai Basarken ya tsayar da gorar.

Ga shi can a tsaye. Ruwa ya kai masa ƙugu. Ya ɗora akumari a ka ya riƙe da hannu ɗaya, fuskarsa na kallon yamma. Taki biyu a gabansa ruwan ya sake launi, ya yi duhu yana gudu yana murɗawa, nan ne cikin ƙoramar. Babu Aura.

"Baba!"

Bai juyo ba. Hannu ya ɗaga mini, irin yadda ake yi wa yaro mai surutu a masallaci.

"Yi shiru," ya ce.

Muka yi shiru, ni da Basarken, ban san na tsawon wane lokaci ba. Ruwa kawai ke wucewa. Daga nan ya sauke hannun, ya bari muka kama shi muka ɗora a jirgi. Ƙafafunsa sun yi fari sun tattare, matsattsaku sun manne masa har cinya. Ina cire su ina kuka, ƙato da ni. Shi kuwa akumarin ya rungume.

A hanyar komawa ya ba da labari, ba ni yake gaya wa ba, Basarken yake gaya wa. Ya ce da suka zo mararraba ta tsaya kamar jiya. Sai iska ta juyo daga yamma, shi kansa ya ji muryar ɗan, siririya. Ta bi hagu. Ya yi mata magana, ya buga harshe, ya dafa wuyanta. Ba shi da linzami ba shi da sanda, bai taɓa bukatarsu ba. Ta gangara da shi har ya ji ƙafarta na taka ruwa. A nan ta tsaya.

"Ba ta shiga da ni ba," ya ce. "Ɗanta na kira, jikinta na ɓari kamar mai masassara, amma ta ƙi ɗaga ƙafa ina bisanta. Ta tsaya kamar yadda take tsayawa ga kututture. Sai na gane jira take in sauka. Na sauka. Na kwance mata akumari kada ya sha ruwa ya danne ta."

Lokacin, in ji shi, ruwan iyakar idon sawu ne.

Washegari na sa Basarken ya ƙetarar da ni. Zangon ba kowa. Toka, kashin jakai, guntayen igiya, da sawun tayar mota ya nufi iyaka. Muka bi ƙoramar ƙasa har inda ta koma cikin Kwara, muna duba duk inda ciyawa ta taru. Ba mu ga komai ba, ko ungulu ba mu gani ba.

Baba ya yi mako biyu yana zazzaɓi, ya tashi. Tsuntsaye suka yi rabonsu a dawar, maƙwabta suka girbe saura. Na sha wahala kafin in samo wata jaka, don lokacin jaki ya yi wuya a ƙasarmu, na kawo masa ita har gida. Ya shafa ta daga kunne har wutsiya, ya ce lafiyayya ce, Allah Ya yi albarka.

"Amma wa za ya gwada mata hanya? Idon da zan koya mata da shi na ƙarar da shi ga waccan."

Na ce zan riƙa kai shi gona a babur duk Asabar. Ya yarda sau biyu. A na biyun ya ce in mayar da shi gida, shi ba buhu ba ne da za a ɗora a sauke. Daga ranar ya koma zaure. Aka shimfiɗa masa buzu a daidai kusurwar da ƙanin mahaifinsa ya zauna. In zai je nesa da masallaci sai an sami mai ja masa sanda. Abin da ya yi damina shida yana gudu, ni na kawo masa shi cikin yini ɗaya, saboda kundin da na sake rubutawa cikin mako guda.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ranar Asabar yakan ce, "To Bature, mi mutanenka sunka ce yau?" in ce yau babu sabo. Wata rana da rani, muna zaune mu biyu a zauren, na ga ba zan iya ci gaba da haɗiye abin ba. Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun a cikin jirgi. Sai na so in ba shi wani abu da zai riƙe, ko yaya yake.

"Baba, na sake ganin Basarken nan. Ya ce wani ɗan'uwansa ya gan ta ranar. Ta ƙetare. An gan ta a hayi tare da ɗan."

Ya juyo da fuskarsa wajena, idanun nan farare.

"Ƙarya ta ukku ke nan, Bature. Ta isa haka nan."

Na sunkuyar da kai.

"Kuna tsammanin ɓacewa na yi cikin ruwan nan," ya ce. "Kai da uwarka da liman, duk haka kuke cewa, makaho ya rasa gabas. Ina na rasa ta? Rana na bisa kaina, ruwa na gudu ta hannu guda, tudu na bayana. Da na so, da na juya tun ruwan bai kai gwiwa ba."

"To me ya tsayar da kai, Baba?"

"Jaka in ta iske ɗanta akwai kukan da take yi. Gajere ne, sau biyu, ba irin na asuba ba. Na san nata. Na ce in ji shi tukuna, sannan in juya. Ɗan ya yi ta kira, ya yi ta kira, har mota ta tashi da shi. Na ce wataƙila ruwa ya kai ta ƙasa, ta fito can nesa, bari in ƙara jira."

Ya lalubo carbinsa a kan buzu.

"Har kunka zo ina saurare. Ban ji ta ba."

Ladan ya kira la'asar. Baba ya ce in matso masa da buta, in kuma ga ko akwai wanda zai ja shi masallaci. Na ce ga ni. Ya miƙo mini bakin sandar, na kama, muka fita.